Haruffan Yumɓu

Ina koyarwa a wata firamare ta ƙauye a bayan Baure lokacin da hedimasta ya kira ni ofis, ana gab da hutun damina. Ya ce wata ƙungiya ta ɗauki nauyin horar da malaman makarantun karkara a Daura, mota da abinci da masauki duk a kansu, kuma ni ya zaɓa. Na tambaye shi abin da za a koya mana.

Ya ce, "Malama, ni ma ban sani ba. Ki je ki gano mana."

Ajina a lokacin babu benci. Allon bango ya ƙoƙe har alli ba ya kama shi sosai, littafin karatu kuwa sai wanda ke hannuna. Yara sun yi wa ɗakin yawa, wasu a kan taga suke zama, ƙafafu na lilo.

Ban riƙe komai daga hanyar Daura ba sai koren gero dama da hagu, da gyangyaɗin da na riƙa yi, in farka in ga gona, in sake lumshe ido in ga wata.

Mai horar da mu wata dattijuwa ce mai farin gilashi, ba ta ɗaga murya. Na zaci littattafai za a raba mana. Sai ga bokitai cike da yumɓu an shigo da su.

Ta ce, "Ku cire zobba, ku naɗe hannun riga."

Wani malami daga wajen Mai'adua ya yi dariya. "Hajiya, tukwane za mu gina?"

"Haruffa za ku gina," in ji ta. "Yaranku ba su da littafi, amma akwai ƙasa a ƙofar gidansu."

Ruwa na sauka a kan kwano, ɗakin ya cika da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, mu manya muna mulmula yumɓu shiru kamar yara. Daga baya ta sa muka rufe ido. Ta riƙa ajiye wa kowa harafi a tafin hannu, ya shafa, ya faɗi sautinsa. Nawa na bi shi da yatsa har na ji 'yar lanƙwasar da ke kansa, na ce ɓa. Har yau in na rubuta shi sai in ji sanyinsa a hannuna.

Da aka koma makaranta na kai yara bakin kududdufi muka haƙo yumɓu. Suka gina haruffa, wasu karkatattu, wasu masu ƙiba, muka jera su a baranda su bushe. Da yamma hadari ya taso. Washegari muka tarar da taɓo kawai yana gangarowa daga barandar. Yaran suka tsaya cirko-cirko, wata yarinya ta fashe da kuka.

Kakar yarinyar nan maginiyar tukwane ce. Da labari ya kai mata, ta zo har bakin aji da sandarta.

Ta ce, "Malama, in kun sake yi, ki aiko mini. Ranar da zan gasa tukwane sai in sa su a ciki."

Na ce, "Inna, ba za su fashe ba?"

"Wasu za su fashe. Ai tukwanen ma haka suke."

Muka sake gina wasu, muka aika mata. Ranar gashin muka je da la'asar. Hayaƙi ya miƙe sama a hankali, yara suka zauna nesa suna kallon wuta, kowa na nuna inda yake zaton nasa yake. Da safe ta tone tokar da sanda. Haruffan suka fito jajaye, wasu da ɗigon baƙi, in ka ƙwanƙwasa su sai su yi ƙara siririya.

Ta daɗe tana dubansu, sannan ta ce, "Wanne ne nawa?"

Na zaɓo harafin farkon sunanta na ba ta. Ta juya shi, ta sake juyawa.

"Ashe haka nake," ta ce, ta ƙulle shi a haɓar zaninta.

Kafin a gama girbi yara suna jera haruffa a kan tabarma suna karanta ruwa, akuya, dawa. Shekarar da ta biyo ba a sake kiran horon ba, aka ce tallafin ya ƙare. Malamai daga ƙauyukan kusa suka riƙa zuwa a kan mashin, na nuna musu iyakar abin da na sani.

Tsohuwar kuwa takan zo jefi-jefi ta zauna a bakin ƙofa, ta ce in ba ta harafi na gaba. Ba ta gaggawa, wani lokaci sai wata ya wuce ban gan ta ba. Kafin ta rasu ta jera sunanta duka da hannunta, jikarta ta karanta mata.