Tafin Hannuna a Bangon Zaure

Duk Hausawan da ke Guangzhou, daga masu lodin kwantena har ɗaliban jami'a, babu wanda ya taɓa tokare gini da tafin hannu ɗaya sai ni, Bala. Na faɗa a gidan abinci na Tianxiu har masu kawo shayi sun haddace. Na kuma so in sake faɗa ranar wata Lahadi bayan ƙaramar sallar bana, a wata tsohuwar unguwa ta Panyu. Mamman ne ya ja ni can, wani ɗan Damagaram mai karatun gine-gine, wai in huta da yawon neman tayil. Muka tarar ana gyaran wani tsohon gidan dutse. Sun huda bangon sun zura sandunan ƙarfe daga wannan gefe zuwa wancan, sun ɗaure kusurwoyin, don ko ƙasa ta girgiza gidan ya yi rawa a haɗe kada ya watse. A kan wata tsaga kuma sun manna ɗan gilashi. Mamman ya ce in gilashin ya fashe, an san bangon yana motsi. Na buɗe baki zan fara, sai zaurenmu na gida ya faɗo mini a rai.

A Tsaunin Baure aka haife ni, tsohon gari a kan dutse, inda kakanni suka hau saboda mahara. Zaurenmu da dutse aka gina shi, da laka a tsakani. In an jera duwatsu suka kai ƙugun mutum, sai a shimfiɗa azarar giginya ta zagaye ginin, a ci gaba, a sake shimfiɗa wata. Kakana, Baba Tsoho, ɗamara yake kiranta. "Ku bar masa wurin motsi," yakan ce, "dutse ma yana gajiya da zama wuri ɗaya." A lokacin zauren nan ya fi mini kowane bene na Guangzhou tsayi. Ina rantsuwa gajimare yana goga masa kai.

Da an zuba dawa a rumbu sai a sa ranar yaɓe. Mu maza mu kora jakai zuwa kududdufi mu ɗebo jar ƙasa, 'yan mata su yi ta hawa da sauka da tuluna daga rijiyar gindin dutse, Yaya Ladi a gaba tana zagin duk wadda ta zubar. Iyayenmu mata sun riga sun jiƙa ɓawon ɗorawa don makuba, warinsa ya kama gidan har tuwo. Mu shiga kwaɓi da ƙaiƙayi mu yi ta tattakawa, ana ture juna, ana shafa wa na kusa laka a kunne. Da manya sun juya baya sai mu gudu falalen dutse mu hau zarɓar giginya mu sulalo ƙasa. Wandunan da na kashe a falalen nan sun isa a buɗe shago a titin Guangyuan.

A gefen ƙofar zauren akwai wata tsaga da ta girmi babana. Ita Baba Tsoho da kansa yake cikewa, ya lallashe lakar ta yi santsi, sannan ya kira ƙaramin yaro ya danna hannun dama a kai. In tafin ya kai kaka mai zuwa bai rabu ba, bango yana nan lafiya. In ya rabu, an san akwai aiki. Shekarar da haƙorana na gaba suka fita layi ya zo kaina. Ya ce, "Zo nan, Sarkin Surutu, yau bakinka ya huta hannunka ya yi aiki." Har yau ina jin sanyin lakar nan, da nauyin hannunsa a bayan nawa. Kaka ta zo ta wuce, tafin bai rabu ba. Wata ta zo, yana nan. Baba Tsoho ya ce kada a taɓa. A filin makaranta na hana kowa sakat: ni na riƙe zaurenmu, in na ga dama in janye hannu ya faɗi.

Sai wani kamfanin fasa dutse ya sauka a bayan tsaunin. Bayan azahar a ji jiniya, sai nakiya ta tashi, ƙasa ta yi motsi a ƙarƙashin ƙafa, kwanuka su yi ta kaɗawa, awaki su watse. Zauren yakan yi ƙara kamar tsoho zai miƙe, ƙura ta zubo, ya koma ya zauna. Duk bayan tashin nakiya Baba Tsoho sai ya dogara sanda ya je ya shafa tafin nan da yatsa, don idonsa ya fara tafiya. Shekarar da na gama firamare yatsansa ya tsaya a tsakiyar tafin. Ya daɗe a tsaye. Siririn layi ne, ya raba hannuna biyu.

Ya ce ɗamarar sama ce gara ta ci, sai an sauke duwatsun kai an sa sabuwar azara. Aikin gayya ne, na majiya ƙarfi. Ya aika gida gida. Kakata ta dama kunu a babbar randa, aka yanka akuya, aka shimfiɗa tabarmi tun da safe. To amma gari ya riga ya fara sauka bakin titi, samari kuwa suna can wurin fasa dutsen, wanda ya yi fashi an sallame shi. 'Yan tsofaffi ne suka zo, waɗanda ko buta sai an miƙa musu. Suka zauna suna kallon azarar da aka jingine har kunun ya huce. Baba Tsoho bai zagi kowa ba. Ya ce a raba naman, a kai wa maƙwabta. Damina mai zuwa muka kai shi makwancinsa, azarar tana nan a jingine.

Ni ma na sauka, daga bakin titi zuwa Kano, daga Kano zuwa nan. A nan Panyu ga mutane sun taru a kan gidan da masu shi suka daɗe da mutuwa, suna lallaɓa shi kamar jinjiri. Mu namu azara ɗaya ya nema.

Kafin ni da Mamman mu kai tashar jirgin ƙasa na kira Yaya Ladi. Na ce ta shirya, zan turo ƙarfe kwantena guda, da injiniyoyi cikin jirgi, zauren Baba Tsoho sai ya ga jikokin jikokinmu. Ta bari na gama tsaf. Sannan ta ce tun daminar bara ya zube. Ta kira ni a lokacin, na ce ina wurin lodi zan neme ta. Duwatsun kuwa an sauko da su an farfasa, da su aka yi daɓen sabon gidan ƙaninmu.

Na ce, "Yaya, to hannuna fa?"

Ta ce, "Yana ƙarƙashin tayil ɗin da ka turo, Sarkin Surutu. Kullum a kansa muke tafiya."