Ƙwan Zabi Biyar a Ruwan Karan Dafi

A ƙauyenmu, can gefen hanyar Malumfashi, da an yi ruwan shuka zabi suke fara ƙwai. Za ka ji kukansu a bayan danga tun da sanyin safiya, su kuwa yara sun bazama cikin ciyawa neman inda suka ɓoye sheƙa. Kakata Inna Dije, wadda na ci sunanta har kowa a gidan yake kirana Takwara, ita ce mai zabin gidanmu. Ita ce kuma mai tatsuniya. Da an yi magariba an ci tuwo, sai mu kewaye murhunta da ke ƙofar ɗaki, tana tura itace da ƙafa tana ba mu labari har a kira isha'i.

Inna kashi biyu take raba ƙwai. Kashin farko na ci ne: idan Sallah ta zo, takan dafa su a ruwan karan dafi, wato jan ɓawon karan dawa, ta jefa 'yar kanwa don launin ya kama. Kafin ta sa su a tukunya sai ta manna ganyen zogale a jikin kowanne ta ɗaure da tsumma, wani kuma ta naɗe shi da zaren auduga. In an kwance, sai ka ga ƙwai ja wur da hoton ganye a jikinsa. Jikoki kowa a ba shi biyu, kuma ba mai ci sai ya gama zagaya unguwa yana nuna nasa. Kashi na biyu na ƙyanƙyasa ne. Zabuwa ba ta da haƙurin kwanci, don haka kaza ake sa wa. Waɗannan zane ɗaya na gawayi Inna take yi musu, don a bambanta su da wanda kazar za ta ƙara a kai.

Shekarar da nake ba da labarinta ina da shekara takwas, kuma Sallah ta faɗo a farkon damina. Inna ta kira ni ta ƙirga ƙwan zabi biyar a tafin hannuna, ta ce nawa ne, in sun ƙyanƙyashe na zama mai dukiya. Muka sa su ƙarƙashin wata kaza wake-wake mai faɗan tsiya. Ban taɓa mallakar ko tsinke ba a duniya, sai ga ni da zabi biyar a hanya. Har sunaye na raɗa musu.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, wato wannan baƙin zane na gawayi. Ranar jajibere da na ga an kwance tsummoki ƙwan Sallah sun fito suna ƙyalli, sai na ji kunya ta kama ni a madadin nawa. Yaya za a ce ƙwan ci sun sha ado, nawa da za su zama zabi suna zaune da gawayi? Da Inna ta tafi kai wa maƙwabta nasu, tukunyar tana kan wuta ba a sauke ba. Na lallaɓa akurki, Wake-wake ta sassare ni a hannu, ban damu ba. Na naɗe su da zare, na tsoma a tukunya, na bar su suka daɗe don jan ya kama sosai. Da suka huce na mayar wa kazar. A lissafina zabina za su fito jajaye, duk ƙauyen ba mai irinsu.

Da yamma na hango Inna ta durƙusa bakin akurki. Ta daɗe a wurin, sannan ta tashi. Sai da muka taru bayan tuwo ta gyara zama.

"Ga ta nan tafe, ku ba ta wuri," in ji ta.

Muka ce ta shigo mu ji ta.

Ta ce a zamanin da, zabuwa ta yi ƙwai goma a gindin wata sabara, ta kalle su ta ga launin ƙasa gare su, sai ranta ya ɓaci. Ita da ke da zane mai ɗigo-ɗigo, a ce 'ya'yanta ba wanda zai waiwaya ya kalla? Ta kwashe su ta kai wa marini. Marini ya dube ta ya ce, rinin na ci kike so ko na rai? Ta ce wanne ya fi kyau? Ya ce na ci. Ta ce to shi take so. Ya dafa mata su ja wur. Ta dawo ta jera su a fili, tsuntsaye suna ta zuwa kallo, kurciya har da guɗa. Zabuwa ta hau kwanci. Aka yi noman fari, aka yi maimai, dawa ta fitar da kai, aka girbe, tana nan. Makwarwa da ta bar nata da launin ƙasa a cikin ciyawa ta wuce ta gabanta da 'ya'ya tara a baya.

"Tun daga ranar," in ji Inna, "zabuwa ba ta ƙara yarda da kwanci ba. Kukan nan da kuke ji da safe, marini take nema."

Yayana Lawal yana ta dariya. Ni kuwa na matso kusa da Inna. Na tambaya da 'yar murya, "Inna, in an dafa kaɗan fa?"

"Takwara, mi ne ne kaɗan a dahuwa? Tashi ki ɗauko su kafin su zama baragurbi."

Na fashe da kuka, irin kukan da ake yi da majina. Zabina biyar, da sunayensu, ni na dafa su da hannuna. Inna ba ta dake ni ba, ba ta ma ɗaga murya ba. Ta ɓare ɗaya ta dangwala gishiri ta tura mini a baki, ta ce, "To ai shi ke nan, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ci abinki, mai dukiya." Lawal ya samu biyu, ya ce bai taɓa cin zabo mai taushi irin wannan ba. Wata guda yana kirana marini.

Washegari da aka sauko daga idi ta kira ni ɗaki ta miƙo mini ƙwai uku da guntun gawayi. Na yi zanen ina tura baki, na ce wannan ai ba ado ba ne.

"Wanda zai rayu zane ɗaya ya ishe shi," ta ce. "Adonsa yana ciki, shi zai fito da abinsa."

Mako huɗu ina zarya bakin akurki. Biyu suka ƙyanƙyashe, ɗaya ya ƙi. Har yau ban manta daɗin da na ji da na ga 'yan kawunan nan suna leƙowa daga ƙarƙashin fiffiken Wake-wake ba.

Na daɗe ina ɗaukar labarin nan a matsayin na ƙwai kawai. Sai da na yi aure a Funtuwa na haifi ɗiyata Hafsa, yarinya mai shiru-shiru, na kama kaina ina jawo ta gaban baƙi kullum, zo ki yi musu karatu, zo ki nuna musu ɗinkinki. Yarinya ta fara ɓuya a bayan ƙofa in ta ji sallama, har ta ajiye allurar gaba ɗaya. Wata rana ina yi mata faɗa sai na ji kamar Inna tana tambayata wane irin rini nake so. Na ƙyale ta. Bayan wasu watanni na tarar ta ɗinka wa ƙanenta riga ba wanda ya sa ta.

Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta, amma zabin da ke kuka a bayan dangarmu jikokin biyun nan ne, kuma har yanzu zabin Takwara ake ce musu. Bana Hafsa ta ga hoton ƙwai masu launi a waya ta ce mu gwada, na sa aka kawo mini karan dafi daga gida. Muka dafa, muka kwance, ta yi ta murna. Sai na ga ta nufi kwandon da kazarmu take kwanci. Na tare ta na sa mata gawayi a hannu. Ta kalle shi, ta tura baki, ta ce, "Mama, wannan ai ba ado ba ne."

Na ce ta zauna, akwai labarin wata zabuwa da ba ta taɓa ji ba.