An Rubuta Shamsiyya Ta Ƙi

An rubuta cewa Shamsiyya ta ƙi, alhali ko baki ba ta buɗe ba. Wata ma'aikaciyar bincike ce ta rubuta, a wani asibiti nan Kaduna, Shamsiyya na zaune gabanta da tsohon ciki, uwar mijinta na gefe.

Shamsiyya 'yar wani ƙauye ce can bayan Malumfashi. Aure ya kawo ta Hayin Banki, gidan haya, ita da mijinta Nazifi direban bas. Ta zo da keken ɗinkinta mai takawa da ƙafa, kafin shekara ta zagayo rabin hijaban 'yan Islamiyyar layinsu aikinta ne. Ba ta da yawan magana, amma in ta ce miki Laraba, to Laraba za ki karɓi kayanki.

Abu ɗaya take tsoro a duniya, haihuwa a ƙauye. Yayarta Ummukulthum a ɗakin uwarsu ta haihu, jini ya ɓalle, aka yi ta neman mota, ta cika a hanya kanta bisa cinyar Shamsiyya. Yanzu ga shi abin ya zo kanta. Cikin fari ne, kuma mai cikin fari gida ake mayar da ita goyon ciki. Inna Tani, uwar Nazifi, tuni ta fara zancen ranar tafiya. Nazifi kuwa bai taɓa tsallake maganar uwarsa ba.

A wajen awo ne nas ta sanar cewa ana gwajin wani magani da ake sa ran zai rage zubar jini bayan haihuwa. Wasu za su samu, wasu ba za su samu ba, ba wadda za ta san nata rabon. Sharaɗi dai, duk wadda ta shiga a asibitin za ta haihu. Shamsiyya ta kwana biyu tana juya abin bisa kekenta. Ba sakarya ba ce. Tana son ta ji ko maganin yana bin nono ya kai ga jariri, da abin da za a yi in ya ba ta matsala. Amma wannan sharaɗin shi ya tsaya mata a rai. In likita ya ce sai ta haihu a Kaduna, ta samu hujjar da za ta ajiye gaban Inna ba tare da ta yi rashin kunya ba. Ta yanke shawara za ta shiga.

Sai aka ce kowa ta zo da wani daga gida. Nazifi ya yi tafiya da bas, sai Inna Tani ta yafa mayafi.

Ma'aikaciyar, Nafisat sunanta, Bahaushiya ce tsaf, haihuwar Badarawa, ba baƙuwa daga wata ƙasa ba. Ta san mai cikin fari ko sunan cikin ba ta kamawa gaban suruka. Duk da haka a gaban tsohuwar ta shiga jero tambayoyi, yaushe rabonta da al'ada, ta taɓa ɓari ko a'a. Shamsiyya ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi. Da aka zo kan ko ta amince, Inna Tani ta gyara zama.

"'Yar nan, ni za ki tambaya. Haihuwar fari a ɗakin uwa ake yi. Mu da muka zube namu bisa gwiwa, wa ya yi gwaji da mu?"

"Mama, ai ita ya kamata ta faɗa."

"To ba ga ta nan ba? Ta faɗa mana."

Me za ta faɗa? Ta ce ba ta yarda da ɗakin uwarta ba, gaban uwar mijinta? Nafisat ta leƙa layin matan da ke jira a waje, ta ja biro. Inna Tani ba muguwa ba ce, a hanyar gida har kankana ta saya wa Shamsiyya. Abin da ta gada ta yi. Wadda aka koya wa aikin ita ce ba ta ce wa tsohuwa ta ɗan ba su wuri ba.

Da Shamsiyya ta samu sarari ta ce zare ya ƙare mata, ta koma asibitin ita kaɗai. Nafisat ta duba, ta ce ƙa'idarsu ita ce wadda ta ƙi ba a sake sa ta, kada a ce an matsa mata.

"Anti, wallahi ban ƙi ba."

"To me ya hana ki magana?"

Bahaushiya ke tambayar Bahaushiya haka! Nafisat ta ƙara da cewa ai ƙofar asibiti a buɗe take, kowa na iya zuwa haihuwa. Kamar ƙofar ce matsalar.

Aka kai Shamsiyya ƙauye da tsaraba da addu'a. Ta haifi mace da hantsi, kafin azahar jini ya cika tabarma. Wannan karon an samu mota. An ceto ta a birni bayan kawunta ya ba da jini, amma sai da aka cire mata mahaifa. Yarinyar ta ci sunan Ummukulthum, kuma ita ke nan, ba za ta yi ƙane daga ɗakin uwarta ba. Shamsiyya ta dawo Hayin Banki, in ta ɗan taka keke jiri ya kwashe ta, hijaban layin sun koma wajen wani tela. Inna Tani ke goya jaririyar, ba ta iya haɗa ido da uwar.

Ba wanda zai rantse cewa maganin nan zai hana abin da ya faru, ƙila ma ba ta cikin waɗanda za a ba. Amma da tana kan gadon asibiti jinin zai same ta, kuma ita ta zaɓi hakan, aka hana ta da sunan kare ta.

Ku masu binciken nan, likitocinku da shugabanninku na ofis: in za ku tambayi mace abin da ya shafi jikinta, ku fitar da kowa ku rufe ƙofa. In ta dawo da ƙafarta, ku saurare ta. Kuma ku nemo inda kuka rubuta Shamsiyya ta ƙi ku goge, ku rubuta gaskiya: ba a tambaye ta ba.