Ragon Layya da Garin Turawa

Shekarar da aka kai ni gidan miji a Bakura, aikin dam ɗin Bakolori na kan ganiyarsa. Maigidana direban tifa ne a wurin, kullum ya dawo jajawur da ƙasa. Uwarsa kuwa, Inna, tun ranar da na shigo ta yanke hukunci cewa 'yan matan Talata Mafara ba su iya komai ba sai shafa hoda. Ban taɓa jin ta kira ni da wani abu ba sai "ke".

Wata rana maigida ya shigo da gwangwani. Kukun Turawan dam ne ya ba shi, wani Kirista mai yawan fara'a da yake rage wa hanya zuwa Mafara. Ya ce kofi ne, shi Turawa ke sha su wuni ba gajiya. Muka dafa, kowa ya kurɓa, kowa ya tofar. Inna ta ce lallai Turawa na cikin wahala. To amma ita ba ta zubar da abu, ko daddawa ce ta ruɓe. Ashe ta juye garin a 'yar ƙwaryar da take ajiye dakakken masoro da kimba, ta wanke gwangwanin ta sa allurai.

Da Babbar Sallah ta zo, aka yanka rago aka feɗe, Inna ta dube ni ta ce, "Ke, haɗa yajin mu gani." Wannan "mu gani" ɗin na san me take nufi. In naman ya ɓaci, har jikokina sai sun ji labari.

Ga ni da mura, hancina a toshe kamar an cusa auduga. Na daka citta da barkono da tafarnuwa, na zuba ƙuli-ƙuli da gishiri, na ɗebi baƙin garin nan na cikin ƙwarya har hannu uku, don kada a ce na yi rowar masoro. Na kwaɓa da man gyaɗa, na mulke ragon ciki da baya, na rufe shi ya tsumu har azahar. Ina ta jin kaina wata gwana.

Da maza suka kafa shi a bakin wuta, sai naman ya soma yin baƙi ƙirin. Wani ƙamshi ya tashi wanda har ni mai mura na ji. Maigida ya shinshina, ya dube ni, ya ce a hankali, "Kofin nan fa nake ji." Wayyo Allah! Na leƙa ƙwaryar, na lasa, ashe kofin ne. Na shige ɗaki na zauna bakin gado ina kuka, ina tunanin wace mota zan bi in koma gidanmu.

Bayan la'asar Inna ta aiko a kira ni. Na tarar da ita da tsoka a hannu, tana tauna a hankali.

"Mi kika sa?"

"Inna, ki yi haƙuri, garin Turawan nan ne. Na zaci masoro ne."

Ta yanki wata tsokar. Ni ma na saci kaɗan na ɗanɗana, wallahi ɗacin nan duk ya bi wuta, sai laushi da wani garɗi da ban taɓa ji ba.

Washegari aka raba wa maƙwabta. Kafin azahar mata uku sun yi sallama, bayan doguwar gaisuwa kowacce ta gangaro kan yaji. Ina daga madafa na ji Inna na cewa, ko kunya babu, "Haɗin gidanmu ne, tun kakanni." Kakannin wa? Na cije leɓe don kada dariya ta tona mu. Ni dai ko sannu ban samu ba, "ke" ɗin nan tana nan daram.

Shekara ta zagayo, aka sake kayar da rago. Ina tsakar gida ina wankin turmi sai Inna ta leƙo daga ɗakinta ta yafito ni. Ta jawo kwalla daga ƙarƙashin gado, ta zaro wani ƙullin tsumma. Sauran garin ne, shekara guda tana ɓoyonsa har ga ɗanta. Ta danƙa mini a hannu, ta rage murya.

"Ungo, ɗiyata. Ki sake yi muna kuskuren bara."