Otsile, Mai Hoton Wutsiya

Da hantsin ranar Talata, 14 ga watan Mayu, labari ya iso mana Gweta ta waya cewa Allah Ya yi wa Otsile Morapedi rasuwa a asibiti a Francistown, bayan jinyar ciwon ƙirji. Na ajiye wayar, na zauna a gefen mota na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Otsile, tare muka tsufa muna kai baƙi filin gishiri na Makgadikgadi kallon mirkat, tunkun nan na hamada. Ni ke tuƙi, kai kuma kana zama bakin raminsu tun asuba don su saba da mutum. Sun kuwa saba har abin ya yi yawa. Tunkun da ke gadinsu kullum wuri mafi tsayi yake nema ya hau ya duba shaho, kuma a duk faɗin filin nan babu abin da ya kai kanka tsayi. Ranar da motata ta nutse a taɓon gishiri, kai ka wuni kana haƙa da hannu, wani ɗan tunku na tsaye a ƙeyarka kamar shi ne shugaban aikin.

Burinka ɗaya ne a duniya, ka ga sunanka a ƙarƙashin hoto. Amma da ka ɗaga kyamara sai dabbar da kake nema ta ɓace, domin tana bisa kanka. Baƙi su yi ta ɗaukar ka suna dariya. Hotonka ya je ƙasashen da ba ka taɓa jin sunansu ba, da sunan wasu a ƙasa. Kana dariya tare da su, amma ni da nake mayar da kai gida na san abin yana cin ranka.

Matarka, MmaDineo, wato uwar Dineo, ba ta raga maka. "RraDineo, uban Dineo, kai fa kujera ne, ba mai hoto ba," in ji ta. "Me ka kawo yau? Wutsiya kuma?"

Wutsiya ce kuwa. Ta sauko ta kan goshinka ta tsaga hoton biyu, ga rana tana ɓullowa a bayanta, ga farin fili har ƙarshen gani. Don haushin maganarta ka tura shi gasar hotunan namun daji, kana cewa, "Bari su ma su sha dariya, mu huta."

Kana kwance a asibiti sakamakon ya fito, an buga hoton da sunanka a ƙasa, matarka ta karanta maka. Alƙalan sun yaba wa hoton, sun ce mai shi gwani ne da ya yi dogon tunani kafin ya tsara shi. Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka. "Wane tunani? Atishawa nake dannewa, yatsana ya taɓa!" Daga nan ka ce wa matarka, "Sake karanta mini sunan, a hankali." Ta sake karantawa.

Da za a buga takardar jana'iza da ake raba wa masu makoki, dangi suka baje hotunanka, kowanne da tunku a kai. MmaDineo ta ture su gefe, ta sa hoton wutsiyar a bangon gaba, da sunanka a ƙasa. Bayan an dawo daga maƙabarta ana rabon dakakken nama, wani kawunka ya juya takardar sama da ƙasa.

"Mma, wai ina mamacin a nan?"

"Yana baya, Rra," ta ce. "Shi ya ɗauka."

Allah Ya jiƙan ka, Otsile, Ya yafe maka kurakuranka, Ya ba ka hutawa. Ina miƙa ta'aziyyata ga MmaDineo, da 'yarku Dineo, da dukan dangin Morapedi. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya ba ni nawa, domin gobe da asuba ni kaɗai zan shiga motar.