Kurma a Hanyar Agwada

Ranar Alhamis ce, ƙarshen damina, a shekarar da sojoji suka fara karɓar mulki. Na yi sallar asuba, na ɗaura agogona, na zauna a ƙofar zaure ina jiran matata Binta ta miƙo koko. Gidana yana bakin Sabon Gari a Keffi. Nan na gina bayan na bar soja da igiya uku a hannu, wato saje. Yawancin shekaruna a bariki na yi su ne ina koya wa kurata fareti. Aikin ya bar mini murya mai ƙarfi, ya kuma bar mini rashin yarda da mutane.

Ƙarfe shida da rabi Wanko ya buɗe shagonsa na gyaran keke, wanda yake jingine da katangata. Sunansa Nwankwo, mutumin Gabas ne, bakin mutanen Keffi ne ya gajarta sunan. Ni na karɓe shi a bariki yana kurtu, bai san hagu da dama ba. Na ɗaura masa ciyawa a ƙafar hagu. Wata uku na bi shi da sanda, har ƙafarsa ta riƙa amsa umarni kafin kansa ya gama ji. Mun je yaƙin Bama tare, mun dawo tare. Ya bar soja yana kofur, ya biyo ni Keffi. Da safen nan ya ƙame ya sara mini da sifana a hannu, kamar yadda ya saba. Na ce masa har gobe gwiwar hannunsa a karkace take. Ya yi dariya.

Mako biyu ke nan labarai marasa daɗi suna shigowa daga manyan garuruwa. Direbobi ne ke kawo su tasha. Ana kashe mutanen Gabas, ana ƙona shagunansu. Wanko ya sa matarsa da 'ya'yansa a mota sun tafi gida. Shi ya ƙi tafiya, domin a bayan cocinsu na Sabon Gari aka binne ɗansa na fari. Akwai magana ɗaya da ta fi damuna. An ce a shingayen hanya, ɗan kasuwa a kan ƙwace kayansa a sake shi. Wanda ya taɓa sa kaki kuwa sauke shi ake yi, wai idan ya isa gida zai koya wa wasu harbi.

Daura da gidana akwai teburin Tanko mai kananzir. Mutum ne mai yawan kallo da ƙarancin magana, irin mutanen da ban taɓa so ba. Kwana uku a jere yana tambayata, wai Kofur yana nan kuwa. A duk unguwar, Wanko ake ce masa. Ban taɓa jin Tanko ya ce Kofur ba sai makon nan. Na riƙe wannan a raina.

Ƙarfe takwas da minti goma na ji ƙarar farko daga wajen tasha. Ba bindiga ba ce, ƙarfe ne ake dukan kwaɗo da shi. Takwas da ashirin aka yi harbi uku. Bindigar mafarauta tana da amo mai faɗi, wannan kuwa siririya ce mai tsini, irin tamu ta soja. Sai kukan mata. Sai hayaƙi baƙi, na taya.

Na kama Wanko a kafaɗa na tura shi cikin gida. Binta ta ɗaga murfin rumbun dawa, ya shiga. Na dawo na tsaya a ƙofar zaure.

Tara saura kwata suka iso. Sun kai talatin, da sanduna da adduna. Na san fuskoki huɗu, sauran baƙi ne. Suka ɓalle ƙofar shagon, suka watso kekuna waje, suka cinna wa tayoyi wuta.

"Ina mai keke?"

Na tare ƙofar da jikina. A lokacin ne Tanko ya bar teburinsa. Ya je wurin na gabansu, ya yi masa magana a kunne, ya nuna da hannu. Ban ga inda ya nuna ba, hayaƙi ya tare ni. Suka juya gaba ɗaya suka bi hanyar coci da gudu. Na ce a raina, ya sayar da mu, sun tafi ne su kira masu bindiga. Na tsane shi a wannan minti kamar yadda ban taɓa tsanar wani a fagen yaƙi ba.

Wutar shagon ta kama jinkar zaurena. Ban tsaya kashewa ba. Ina cikin tsakar gida sai ga ƙunshi an jefo ta kan katanga. Tsohuwar riga ce mai ruwan ƙasa, da hula, da takalmin taya. Na gane rigar, ta Tanko ce. Na juya ta ciki da baya ina neman inda tarkon yake. Na ce ya ba mu ita ne don ya gaya musu launin da za su nema. Amma ni dogo ne, Wanko gajere, rigata za ta ja masa ƙasa. Dole na sa masa ta Tanko.

Minti ashirin na yi ina rushe sojan da na gina. Na cire masa takalmin fata. Na shafa masa jar ƙasa a ƙafa da wuya. Na ba shi goro ya tauna har haƙoransa suka yi ja. Na sa shi ya saki kafaɗa, ya rage tsawon taku, ya daina kaɗa hannu. Saura baki. Hausarsa ta bariki ce, kalma biyu sun isa su tona shi. Don haka na yanke cewa kurma ne, ba ya ji ba ya magana, ɗan ƙodago ne da nake kai wa gonata. Ni zan tafi a sunana, da littafin sallamata daga soja a aljihu.

Za mu Agwada. Can akwai Ɗanjuma, tsohon soja ne shi ma, Kirista, manomi. Ya san hanyar daji da ke gangarawa kogin Binuwai. Binta ta ɗauki ƙullin kayanta ta nufi gidan yayanta a cikin gari. Ban gaya mata inda za mu ba. Ita ma ban yarda da bakinta ba a ranar, Allah ya yafe mini.

Tara da minti arba'in muka fita ta bayan gida muka faɗa cikin dawa. Ta fi mu tsayi, ta rufe mu. Ina tura keke da buhun gyaɗa a baya, Wanko yana bina da fartanya a kafaɗa. Bayanmu ana ta harbi ɗai-ɗai. Sha ɗaya saura muka daina ji.

Inda hanya ta yi kyau in goya shi, inda ta ɓaci mu sauka. Mun haɗu da wata mata ɗauke da itace, ta gaishe mu ta daɗe tana kallon ƙafar Wanko. Mun wuce wani Bafulatani da shanunsa, ya bi mu da ido har muka sha kwana. Kowannensu na ɗauka ɗan rahoto ne. Sau uku na bar hanya na kwanta a ciyawa ina jiran in ga wanda ke biye da mu. Babu kowa.

A tsakani ina gwada shi. In bari ya wuce gaba, in tafa hannu. In kira Wanko. In kira Kofur. In ce ga maciji. Sau ɗaya ya waiwayo, na mare shi. Mari na gaske, irin na da. Bai sake waiwayowa ba. Da azahar na tsaya na yi sallah a gindin wata ɗorawa, shi ya zauna yana kallon ƙasa kamar wanda aka haifa ba ya ji. Na gamsu da shi.

Biyu da rabi muka fito kan hanyar mota, domin akwai rafi a cike kuma gada ɗaya ce, ta katako. A bakinta an gitta gungume. Mota ɗaya mai rufin tamfol, mutum biyar cikin kaki. Sun riga sun gan mu, komawa ba ta yiwuwa.

Na karance su tun daga nesa. Huɗu yara ne. Ɗaya ya karkata hula kamar mai zuwa biki. Ɗaya takalmin roba ne a ƙafarsa. Dukansu yatsa a kan kunamar bindiga, abin da a hannuna kwana uku mutum zai yi yana tsallen kwaɗo a kansa. Ko sun gudo daga wani bariki ne, ko kakin ma aro ne, har yau ban sani ba. Na biyar ne ya tayar mini da hankali. Ya manyanta, igiya biyu a hannu, wato kofur, takalminsa na sheƙi, igiyar takalmin a ɗaure yadda ake koyarwa. Yana zaune a kan motar yana kallonmu.

"Tsaya! Sauke kaya!"

Na sauke. Na miƙa littafina. Mai karkatacciyar hula ya juya shi, ya kai wa kofur ɗin. Ya duba, ya dube ni, ya ɗan gyara zama.

"Wannan fa?"

Na ce kurma ne, yaron gonata.

Suka zagaya bayansa. Ɗaya ya buga gwangwani da dutse dab da kunnensa. Ɗaya ya yi masa wata magana da yaren Gabas. Na uku ya ɗaga bindiga ya harba sama, taku biyu daga ƙeyarsa. Tsuntsaye suka tashi daga rafin. Wanko bai ƙifta ido ba. Mutumin da ya kwana uku a rami ana zuba masa ruwan igwa, harsashi ɗaya ba zai motsa shi ba. Yaran suka yi dariya, suka soke buhun da wuƙa, suka cika aljihu da gyaɗa.

"Wuce!"

Muka hau gada. Buhun da suka huda ya zame, na sunkuya ina gyara ɗauri. Wanko ya tsaya a gabana, ya ba su baya, ƙafafunsa a ware. Agogona yana dab da fuskata. Uku saura minti takwas.

Sai murya ta taso daga kan motar. Ba ihu ba ne irin na yaran. Daga ciki ta fito, ta ja kalmar farko ta yi tsawo, ta ɗan dakata daidai yadda ake dakatawa, ta yanke ta biyu kamar sara.

"Faretiii... shan!"

Umarnin ƙamewa ne. Ƙafar hagun Wanko ta tashi. Ta sauka kusa da ta dama. Katakon gada ya amsa, ƙara ɗaya, mai tsabta. Fartanya ta faɗi. Hannayensa suka miƙe a gefen rigar Tanko, babban yatsa a kan ɗinki.

Na san wannan dabara. Da ita nake kama kuratan da suka gudu, a tsakiyar kasuwa, ko sun sa rawani. Ni na koya wa kofurori da yawa ita. Tun safe ina zargin maƙwabci da mai itace da makiyayi, na gwada shi da tafi da suna da maciji, wannan ɗaya ce ba ta zo mini a rai ba.

Wanko bai gudu ba. Bai sake jiki ba ma. Ya tsaya a ƙame, idonsa a gaba, domin babu wanda ya ba shi umarnin hutawa.

Na yi magana da yawa. Na faɗi lambata da tasa. Na ambaci Bama, na haɗa su da Allah. Gindin bindiga ya same ni a haƙarƙari, na zube a kan keken. Biyu suka kama Wanko suka shiga da shi cikin dawa. Yana tafiya yana kaɗa hannu, takunsa ya koma cikakke. Kofur ɗin bai sauko daga motar ba.

Uku da minti biyar aka yi harbi biyu.

"Baba, hau kekenka," in ji ɗaya daga cikin yaran.

Na hau. Ba na ɓoye wannan, na hau. Suka yi harbi ɗaya ta saman kaina, na taka har numfashina ya ƙare. Na isa Agwada ana kiran magariba. Ɗanjuma ya ga fuskata, ya kalli bayan keken, ya shigar da ni ɗaki, na gaya masa abin da ya faru.

Washegari da hantsi muka koma. An janye gungumen, motar ta tafi. Muka sami gawar Wanko taku arba'in daga hanya. Muka haƙa masa kabari da fartanyar da ya yar. Ɗanjuma ya yi masa addu'a irin tasu, ni na tsaya a gefe. Hular kawai na ɗauko.

Kwana tara na yi a Agwada, domin an ce ana nemana a kan na ɓoye mutum. Da na koma Keffi na sami Tanko a teburinsa, hannunsa na dama a ɗaure da karan ɗori. Binta ce ta ba ni labari. Ashe Tanko ce musu ya yi mai keke ya gudu ta bayan coci tun asuba. Da suka je ba su same shi ba, suka dawo kansa. Kalmar Kofur da yake ta faɗa kuwa, a tasha ya ji baƙi suna tambayar wani kofur mai gyaran keke. So yake in gane, yana tsoron faɗa a fili, ni kuma fuskata ba ta ba shi hanya ba. Na miƙa masa hularsa. Ya karɓa da hagu. Bai tambayi rigar ba.

Zaure ya ƙone, mun sake masa jinka kafin wata damina. Shagon ba a sake ginawa ba. Hannun Tanko ya warke a karkace. Haƙarƙarina biyu suna tashi idan hadari ya haɗu. Matar Wanko ban san ko ta sami wasiƙar da na aika ba. Kabarin ɗansa yana bayan coci, nasa yana cikin gonar wani mutum da ban san sunansa ba.

Kurata da yawa sun bi ta hannuna. Wasu sai an faɗa sau biyu suke motsawa, wasu ƙafarsu takan makara. Wanko tun watansa na uku bai taɓa makara ba.