Motar da Ke Ƙarƙashin Ruwan Naraguta

Mu shida ne a ajin koyon injiniya, gab da sojoji su miƙa mulki ga farar hula, muka sa wa ranmu ƙera motar tsere mai hawa duwatsu da kwazazzabai. Malaminmu ya samo mana gawar wata mota da wani Bature ya bari a unguwar Rayfield. Muka kwance ta tas, muka bar inji da tayoyi, muka yi mata sabon jiki da bututun ƙarfe. Wani dattijo Bayarabe a unguwar Abattoir ya koya mini walda, don haka duk wata mahaɗa a jikin motar ni na yi ta, har da ta sitiyari.

Direbanmu abokina ne, ɗan Birom, dogo, mai yawan dariya. Wata Asabar da hantsi muka kai motar gwaji tsofaffin ramukan kuza na Naraguta, waɗanda ruwa ya cika tun zamanin Turawa. Ya zagaya sau biyu, jar ƙasa na tashi a bayansa. Da ya tsaya ya ce da ni, "Oga, sitiyarin nan yana ɗan rawa."

Na duba sama-sama, na ce, "Hanya ce ba kyau. Je ka, ba komai."

A zagaye na uku, a kan gangara, motar ta ƙi shan kwana. Ta miƙe ta faɗa ruwa. Ko ihu ban ji ba, koren ruwan ya buɗe ya rufe. Manoman da ke ban ruwa a gefe suka yi ta nutso, sai la'asar suka fito da gawar abokina. Motar kuwa tana can har yau, ba wanda ya duba waldar da na yi.

Malam ya ce ƙaddara ce. Sauran suka ce gudu ne ya yi yawa. Ban faɗa wa kowa maganar da muka yi da marigayin ba.

Bayan mako biyu mahaifiyarsa ta zo makaranta karɓar kayansa. Ni na miƙa mata rigar aikinsa, duk baƙin mai a wuyan hannu. Ta daɗe tana sansanar ta, sannan ta ɗago.

"Kai ne abokinsa mai walda? Kullum yana ba ni labarinka."

Na ce, "Ni ne, Mama."

Ta dafa kaina ta sa mini albarka, ta ce in riƙa leƙa ta. Na yi mata alkawari. Sau uku ina zuwa bakin layinsu ina juyowa, har na ji labarin ta rasu.